Abin da ya faɗo daga sama, ina ƙarfinsa yake zuwa?

Giginya takan kai mita 20 a tsawo, wata ma ta zarce haka. Ɗanta yana rataye can sama wata da watanni, ba ya cutar da kowa. Ranar da ya nuna ya tsinko kuwa, cikin sakan biyu ya iso ƙasa, kuma a daidai lokacin da zai taɓa ƙasa gudunsa ya kai kusan mita 20 a sakan ɗaya, wato wajen kilomita 70 a awa. Shi ya sa uwa ba ta shimfiɗa wa yaro tabarma a gindin giginya lokacin nunarta. To wannan gudu daga ina ya fito, alhali ba wanda ya jefo ɗan giginyar? Kuma da ya daki ƙasa ya tsaya cak, ina gudun ya shiga?

Amsar tambayoyin nan biyu ita ce darasin da ɗaliban sakandare suke haddacewa saboda WAEC da NECO da JAMB, su zuba a takarda, su fito su manta. Abin yana damuna ƙwarai, domin darasin nan shi ke tafiyar da abin da ke faruwa a bakin rijiya, da cikin turmi, da jikin sikelin 'yan gwangwan, da ƙarƙashin kujerar kowane babur da ke bin hanyar Ringim ko ta Rano. Dokar a taƙaice ita ce: ɗan Adam ba ya ƙirƙirar makamashi daga babu, ba ya kuma iya shafe shi. Sauya kama kawai makamashi yake yi, jimillarsa tana nan yadda take.

Mu fara daga rijiya. A ilimin fiziks ana auna aiki da abu biyu: ƙarfin da aka sa, da nisan da abin ya gusa ta fuskar da ƙarfin ya ja shi. A ninka wannan da wancan, an sami aikin. Guga mai cin lita 10, ruwan cikinsa kilo 10 ne. Ƙasa tana jan kowane kilo ɗaya da ƙarfin niyuton 9.8 (niyuton shi ne ma'aunin ƙarfi), amma don sauƙin lissafi za mu riƙa cewa 10. Ke nan gugan yana jan igiya da niyuton 100. In rijiyar tana da zurfin mita 20, wanda ya jawo shi har baki ya yi aikin 100 sau 20, wato jul 2,000 (jul shi ne ma'aunin aiki da makamashi). Ko yarinya ce ta ja a hankali tana hutawa, ko ƙato ne ya fizgo shi cikin numfashi kaɗan, aikin da aka yi wa gugan jul 2,000 ne. Sun bambanta a sauri, ba a adadi ba.

Ɗan dako da ke tsaye da buhu a ka yana jiran mai kaya, gumi na zuba, wuya na ciwo, bai ƙara wa buhun ko jul ɗaya ba, tunda buhun bai ɗaga ba. Gajiyarsa gaskiya ce: tsokokinsa suna ƙona abincin da ya ci suna mayar da shi zafi. Amma da a kan dakali aka ajiye buhun, dakalin zai riƙe shi har gobe ba tare da ya ci komai ba.

Dabarun da muke yi don sauƙaƙa aiki kuwa ba sa rage jimilla. Duro mai kilo 100 da za a ɗora bayan mota mai tsawon mita 1.5 yana bukatar jul 1,500. In aka jingina katako mai tsawon mita 4.5 aka mirgina shi a kai, ƙarfin da ake bukata ya koma kashi ɗaya cikin uku, nisan kuma ya ninka uku. Haka sarƙar da bakanike ke ɗaga injin mota da ita: yaron gareji shi kaɗai zai ɗaga injin, amma sai ya yi ta jan sarƙa gaba bayan gaba kafin injin ya tashi taƙi ɗaya. An rage ƙarfi, an biya da nisa. A riƙe wannan musaya da kyau, don ita ce mabuɗin duk abin da zai biyo baya.

Jul 2,000 da aka kashe a kan guga ba su salwanta ba. Suna nan a ajiye cikin tsawon da gugan ya samu. In igiya ta kuɓuce, za su fito dukkansu a matsayin gudu. Wannan ajiya ita ce ɗan giginya yake riƙe da ita tun yana sama. Mu ɗauka nauyinsa kilo 1 ne: niyuton 10 sau mita 20, jul 200 ke nan a ajiye. Da ya tsinko, ajiyar tsawo tana raguwa, makamashin motsi yana ƙaruwa da daidai abin da ya ragu. Makamashin motsi kuwa ana samunsa ne in an ɗauki rabin yawan kilon abu, a ninka da gudunsa, a sake ninkawa da gudun. Rabin kilo 1, sau 20, sau 20, ya ba da 200. Lissafi ya haɗu.

Abin lura yana tsakiyar hanya. Bayan ya faɗo mita 5 kacal, jul 50 sun koma motsi, gudunsa mita 10 a sakan. Wato a rubu'in tafiyar ya riga ya sami rabin gudunsa na ƙarshe. A mita 10, rabin hanya, gudunsa wajen mita 14 ne a sakan, ba 10 ba kamar yadda zuciya za ta fara raya wa mutum. Dalili shi ne gudu sau biyu yake shiga lissafi. In gudu ya ninka biyu, makamashi ya ninka huɗu. In ya ninka uku, makamashi ya ninka tara.

Masana sun daɗe suna jayayya a kan wannan. A 1722 wani masani ɗan ƙasar Holan, Willem 's Gravesande, ya riƙa sakin ƙwallayen tagulla daga tsawo daban-daban a kan laka mai laushi yana auna ramin da suka yi. Ƙwallon da ya iso da gudu ninki biyu, ramin da ya haƙa ninki huɗu ne. Bafaranshiya Émilie du Châtelet ta ɗauki wannan sakamako ta kare shi a rubuce-rubucenta na 1740. Malamin da ke koyarwa a makarantar da ba ta da ɗakin gwaji, wannan gwajin bai fi ƙarfinsa ba: lakar kududdufi a cikin kwano, ƙwallon boris babba daga wurin bakanike, da tef ɗin tela. Yaro ya saki ƙwallon daga rabin mita, ya sake saki daga mita biyu, ya dubi ramukan da idonsa. Abin da ido ya gani a laka ya fi zama a kai fiye da abin da aka kwafa daga allo.

Nauyi ba ya canza gudun faɗuwa. Ɗan giginya da ɗan goruba in suka tsinko daga tsawo ɗaya, kusan tare za su iso, domin mai nauyi ajiyarsa ta fi yawa, amma kuma ya fi bukatar makamashi kafin ya kai wancan gudun, sai biyun su soke juna. Galileo na Italiya ya yi bayanin faɗuwar abubuwa a 1638, ya nuna cewa nisan da abu ke ci a sakan na farko da na biyu da na uku yana tafiya ne 1, 3, 5. Ganye da gashin kaza iska ce ke riƙe su. A 1971, a tafiyar Apollo 15, ɗan sama jannati David Scott ya saki guduma da gashin shaho tare a duniyar wata inda babu iska, suka taɓa ƙasa lokaci guda. Gudu ɗaya, amma ba duka ɗaya ba: wanda ya fi kilo ya fi makamashi, kuma shi ya fi ɓarna.

Yanzu a juya lissafin kan mai babur. Gudun kilomita 36 a awa shi ne mita 10 a sakan, daidai da wanda ya faɗo daga mita 5. Gudun kilomita 72 a awa shi ne mita 20 a sakan, daidai da wanda ya faɗo daga ƙololuwar waccan giginya. Ba saurayin da zai yarda ya diro daga can, amma ga su nan kullum a hanyar kasuwa suna murɗa totur da goyon mutum biyu. Burki ma wannan doka yake bi: in ka ninka gudu biyu, nisan da taya za ta ja kafin ta tsaya ya ninka huɗu.

Sai tambaya ta biyu, wadda a ganina ta fi muhimmanci ga rayuwa. Faɗuwa ba ita ke karya ƙashi ba, tsayawar ce. Abin da ke gudu ba zai tsaya ba sai wani abu ya karɓe makamashinsa, kuma karɓar ma aiki ce, ƙarfi sau nisa. Jimilla ta riga ta tabbata tun daga sama. Abin da ya rage shi ne a cikin wane nisa za a karɓe ta. Kamar bashi ne: adadin ba ya raguwa, amma wanda aka ce ya biya yau-yau gaba ɗaya ba ɗaya yake da wanda aka raba wa har kaka ba.

Ga magini mai kilo 60 ya zame daga tsani a mita 3. Jul 1,800 ne zai iso da su. In a kan daɓen siminti ya sauka a sandare, jikinsa ya tsaya cikin santimita 2, ƙarfin dukan zai kai ninkin nauyinsa sau 150, wato kamar nauyin tan 9. In kuma a kan tarin harawa ya faɗa, ta lotsa da shi rabin mita, ƙarfin bai wuce ninkin nauyinsa sau 7 ba. Mutum ɗaya, tsawo ɗaya, amma ɗaya asibiti za a kai shi, ɗaya kuma zai karkaɗe riga. Lissafin mai sauƙi ne: a raba tsawon faɗuwa gaba ɗaya da nisan tsayawa, abin da ya fito shi ne sau nawa nauyinka zai dake ka. Shi ya sa mai dira yake lanƙwasa gwiwa. Shi ya sa kuma hular kwano ba ƙwaryar wajenta kaɗai ke aiki ba, farin soson nan mai tauri da ke ciki shi ne yake murƙushewa ya ƙara wa kai ɗan nisan tsayawa. Soson in ya murƙushe ba ya dawowa, don haka hular da ta taɓa shan mugun duka ta gama aikinta ko da a ido lafiya take. Hular leburori ta roba zalla da wasu ke ɗorawa don tsoron jami'an hanya ba ta da wannan soson.

Mata kuwa kullum suna amfani da ɗaya fuskar dokar. Taɓarya mai kilo 4 da aka ɗaga rabin mita tana da jul 20, ban da abin da hannu ya ƙara mata wajen saukowa. A cikin turmi kuma cikin 'yan milimita take tsayawa. In milimita 5 ne, jul 20 ɗin sun zama ƙarfin niyuton 4,000, nauyin kilo 400 a kan ɗan wurin da bakin taɓarya ya taɓa. Da haka gero yake zama gari a hannun yarinyar da ba za ta iya ɗaga buhu ba.

Sifirin, wato nannaɗaɗɗen ƙarfen nan mai matsewa da miƙewa, shi ne abin da aka ƙera musamman don ya shiga tsakanin duka da wanda za a daka. Robert Hooke na Ingila ne ya gano dokarsa. A 1676 ya wallafa ta a ɓoye cikin haruffan da ya hargitsa don kada wani ya riga shi, sai a 1678 ya warware: gwargwadon miƙewa, gwargwadon ƙarfi. Dubi sikeli mai ƙugiya, irin wanda 'yan gwangwan ke yawo da shi, ko wanda ake rataya jarirai a asibitin sha-ka-tafi ranar awo. In kilo 1 ya miƙar da sifirin ɗinsa santimita 1, kilo 2 zai miƙar da shi santimita 2, kilo 10 santimita 10. Shi ya sa zanen jikin sikelin yake tafiya da tazara ɗaya daga sama har ƙasa.

Makamashin da sifirin ke ajiyewa yana da ɗan sarƙaƙiya, domin ƙarfinsa ba ɗaya ba ne daga farko zuwa ƙarshe. Da fara ja, ba ya gardama ko kaɗan. Kana ƙara ja yana ƙara taurin kai. A wancan sifirin, in ka ja shi santimita 10, ka fara daga babu ka ƙare a niyuton 100, matsakaicin ƙarfin 50 ke nan. 50 sau kashi ɗaya cikin goma na mita, jul 5. In ka ja shi santimita 20, ka ƙare a niyuton 200, matsakaici 100, nisa ya ninka, an sami jul 20. Ja ninki biyu, ajiya ninki huɗu. Duk wanda ya taɓa ɗaure kaya a bayan babur da igiyar roba ta tsohon tif ya san wannan a jikinsa: jan ƙarshen nan da ake yi ana cije leɓe shi ne mai haɗari, in ta tsinke ko ta kuɓuce ido take nema. Roba ba ta bin dokar Hooke sak kamar ƙarfe, amma ajiyar tata ma a jan ƙarshe take taruwa.

A nan ne kuma ake samun matsalar da ke rikita ɗalibai masu kaifin basira, waɗanda ba su yarda da hadda kawai ba. Ka rataya kilo 10 a wancan sikeli, ya sauka santimita 10 ya tsaya. Kayan ya yi asarar tsawo: niyuton 100 sau kashi ɗaya cikin goma na mita, jul 10. Amma yanzu muka lissafa cewa sifirin da ya miƙe santimita 10 jul 5 kawai yake riƙe da su. Ina sauran biyar? Ko dokar ta karye?

Ba ta karye ba. Amsar ta dogara da yadda aka rataya kayan. In ka tallafe shi da hannu ka sauke a hankali, hannunka ne ya karɓi jul 5 ɗin. Da farko hannun ke ɗauke da nauyin duka, sifirin yana karɓa kaɗan-kaɗan, har a ƙarshe ya ɗauke gaba ɗaya ka janye hannu. Tsokar hannunka ta yi aikin burki, ta mayar da rabon nata zafi. In kuwa ka maƙala kayan a ƙugiya ka sake shi gaba ɗaya, ba hannun da zai karɓa, sai jul 5 ɗin su zama gudu. Kayan zai iso santimita 10 yana cikin sauri, ya wuce, ba zai tsaya ba sai a santimita 20. A can lissafi ya cika cif: tsawon da aka rasa jul 20, ajiyar sifirin jul 20. Daga nan sifirin ya dawo da shi sama, ya yi ta lilo, kowane zuwa da dawowa iska da ƙarfen kansa suna cin kaɗan, har ya natsu a santimita 10. Biyar ɗin a wannan karon sun watse a matsayin zafi.

Ma'anar wannan a aikace babba ce. Kayan da aka saka wa sifirin farat ɗaya, ko da ba a jefo shi daga sama ba, yana matsa shi ninki biyu na kayan da aka ɗora a hankali. In an jefo shi kuma abin ya fi haka. A ce kilo 10 ɗin nan an sake shi ya faɗo santimita 15 kafin igiyar ƙugiya ta kama shi. Sifirin zai miƙe santimita 30. Duba: kayan ya sauko 15 da 30, santimita 45 ke nan, jul 45. Sifirin a santimita 30 yana ja da niyuton 300, matsakaici 150, sau kashi uku cikin goma na mita, jul 45. Faɗuwar da ba ta kai taƙi ɗaya ba ta mayar da kilo 10 tamkar kilo 30. Kuskuren da ɗalibai suka fi yi a irin wannan tambaya shi ne su lissafa 15 kawai, su manta kayan yana ci gaba da saukowa yayin da sifirin ke miƙewa. Kuskuren da yaran mota suke yi kuma shi ne jefa buhu daga kafaɗa a bayan a-kori-kura. Igiyar guga ma yawanci ba a jan hankali take tsinkewa ba, a fizga take tsinkewa.

Kowane sifirin yana da iyaka. In aka wuce ta, ƙarfen ya miƙe miƙewar da ba ya komawa. Sikelin da aka rubuta masa kilo 50 aka yi ta rataya masa 80, ko aka riƙa sakar masa kaya da ƙarfi, wata rana allurarsa za ta daina komawa kan 0. Daga ranar yana nuna fiye da abin da aka ɗora, mai saye yana biyan kilon da bai karɓa ba, wataƙila mai sikelin ma bai sani ba. Mun san gargaɗin da Alƙur'ani ya yi wa masu tauye awo a Suratul Muɗaffifin, don haka wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai awon riɗi ko zoɓo a Maigatari ko Dawanau. Gwajin ba wuya: a duba allura kafin a rataya komai, sannan a gwada da ruwa, tunda lita ɗaya kilo ɗaya ce. Jarkar da aka auna wa lita 10 ta nuna kilo 10 da ɗan nauyin jarkar.

Shokar babur abu biyu ce a haɗe, kuma mutane da yawa ɗaya kawai suke gani. Sifirin da ke nannaɗe a waje shi ke ƙara nisan tsayawa: taya ta faɗa rami, maimakon dukan ya iso ƙugu cikin ƙiftawar ido, sai ya bi ta matsewar santimita da dama. Amma sifirin ajiya kawai ya iya, abin da ya karɓa sai ya mayar. Da shi kaɗai ne, babur zai yi ta tsalle bayan kowane rami. A cikin bututun tsakiya akwai mai da ake tilasta wa bi ta ƙananan ƙofofi, shi ne yake cinye makamashin ya mayar da shi zafi. Ka taɓa bututun bayan doguwar tafiya a gargada, za ka ji ɗumi. In ka ga mai yana tsiyaya a jikinsa, babur kuma yana lilo sau uku sau huɗu bayan ka danna shi ka saki, shokar ta mutu ko da sifirin yana sheƙi. Lodin da ya wuce kima kuwa tun kafin a tashi ya riga ya cinye matsewar. Buhu uku da mutum a baya, sifirin ya kwanta, ba sauran nisan da zai bayar. Rami na farko ƙarfe zai daki ƙarfe, dukan ya wuce kai tsaye zuwa firam da ƙashin bayan direba.

Sau da yawa yanzu na ce makamashi ya koma zafi, kuma mai karatu yana da haƙƙin ya ce: wannan ba hanyar kuɓuta ba ce kawai, duk abin da aka rasa a ce zafi ne? Wanda ya rufe wannan ƙofa shi ne James Joule, mutumin Salford kusa da Manchester. Tsakanin 1845 da 1850 ya yi ta maimaita gwaji ɗaya: nauyi a rataye da igiya yana sauka a hankali, igiyar tana juya filafilai a cikin tukunyar ruwa, shi kuma yana auna zafin ruwan da ma'auni mai tsananin kaifi. Ya san nauyin, ya san tsawon da ya sauko, don haka ya san aikin. Kullum aiki iri ɗaya zafi iri ɗaya yake bayarwa. A ma'aunin yau, kusan jul 4,200 ne ke ɗaga zafin lita ɗaya ta ruwa da digiri ɗaya. Julius Mayer, wani likita Bajamushe, ya kai ga wannan tunani a 1842, Hermann von Helmholtz kuma ya tsara dokar a 1847. Sunan Joule ne aka sa wa ma'aunin.

Adadin nan ya bayyana dalilin da ya sa ba ma lura da zafin. Duk wahalar jawo guga daga mita 20 ba ta isa ta ɗumama lita ɗaya da rabin digiri ba. Ruwa sai ya faɗo daga sama da mita 420 kafin zafinsa ya ƙaru da digiri ɗaya. Jul 200 na ɗan giginya, kaɗan sun tafi a ƙarar da aka ji, kaɗan a lotsa ƙasa da fasa ɓawo, sauran sun zama ɗumin da fata ba za ta iya ganewa ba.

Madatsar Tiga, da aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, ajiyar tsawo ce mai girman gaske. Ruwanta yana gangarowa ta magudanai zuwa gonakin Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam ba tare da inji ya tura shi ba, saboda yana sama da gonakin. Wanda ya ɗaga shi tun farko zafin rana ne, da ya turara ruwan teku ya zama girgije, damina ta sauke shi a kan tudu. A Kainji, da aka gama a 1968, irin wannan faɗuwar ruwa ce ake sa wa injin a gaba ta zama lantarki.

Na kawo wannan ne saboda samarinmu masu basirar ƙere-ƙere. Lokaci zuwa lokaci ana yaɗa bidiyon janareta marar mai, ko tankin da ruwansa ke saukowa ya juya injin, injin ya ba da wuta, wutar ta mayar da ruwan sama har a sami rarar kunna fanka. Ina jin ciwon ganin yaro mai hannu da ƙwaƙwalwa ya kashe shekara da ɗan jarinsa a kan wannan. Ruwan da ya sauko ba zai ba da fiye da abin da aka kashe wajen ɗaga shi ba, kuma kowane bututu da waya da boris yana cin rabonsa a zafi. Tun a 1775 Cibiyar Kimiyya ta Faransa da ke Paris ta yanke shawarar daina duba irin waɗannan injuna. In ka ga yana aiki, akwai batir ko waya a wani wuri. Tanki mai lita 1,000 a kan ƙafa mai mita 6, ajiyarsa duka jul 60,000 ce. Ko da ba a yi asarar komai ba, ƙwan lantarki mai wat 10 zai riƙe na minti 100 kawai, tunda wat ɗaya jul ɗaya ne a kowane sakan.

Inda lissafin nan zai yi wa irin waɗannan samari amfani shi ne rijiyar burtsatse mai sola, wadda yanzu ta yawaita a ƙauyukan Kano da Jigawa. A ce ruwan yana mita 40 a ƙasa, tanki kuma mita 6 a sama. Ɗaga lita 1,000 mita 46 aikin jul 460,000 ne. Famfo mai wat 300, in babu asara ko kaɗan, zai yi shi cikin kusan minti 26. Duk mai sayar da famfon da ya ce zai cika shi cikin minti 10 da wannan wat ɗin a wannan zurfin, ba gaskiya ya faɗa ba. In kuma aka sa agogo aka ga ya ɗauki awa ɗaya da rabi da tsakar rana, to kusan kashi bakwai cikin goma yana tafiya wani wuri. Sai a bi layi a nema: ƙurar hunturu a fuskar faranti, farantin da bai fuskanci rana daidai ba, siririyar waya mai tsawo da ke ɗumi in an taɓa, bututu mai ƙunci, gwiwoyi da yawa a hanyar ruwa, ko tsagewar da ke zubar da ruwa ya koma rijiya tun bai iso sama ba.